FASHIN BAƘI: 'Yar tsagar da ke hana injin jirgin sama sarƙewa, da dalilin da ya sa masu ƙera shi ke ɗari-ɗari da ita

Da safiyar ranar 27 ga Disamba, 1991, wani jirgin kamfanin SAS ƙirar MD-81 ya tashi daga filin jiragen sama na Arlanda da ke Stockholm, babban birnin Suwidin, ɗauke da mutum 129. Jirgin ya kwana a waje cikin hunturu, ƙanƙara garai-garai kamar gilashi ta daskare a kan fuka-fukansa. An wanke shi kafin tashi, amma wannan ƙanƙarar ba a gano ta ba. Yana ɗagawa sama ta ɓamɓare, ta faɗa cikin injina biyu da ke maƙale kusa da jelarsa, ta lanƙwasa farfelolin gaba. Ba a yi rabin minti ba injin dama ya soma buga ƙara kamar harbin bindiga.

Matuƙin ya rage mai, kuma abin da ya dace ke nan. Sai dai akwai wata na'ura a jirgin da ke ƙara wa injina wuta da kanta idan ta ji ƙarfi ya ragu yayin tashi, matuƙan kuwa ba su san da zamanta ba. Na'urar ta mayar da man da aka rage, har ta ƙara. Kafin a cika minti biyu injinan biyu sun tarwatse daga ciki. Jirgin ya faɗi a wani fili kusa da ƙauyen Gottröra, ya karye gida uku. Cikin ikon Allah ba wanda ya rasu.

Ƙanƙara ce ta tsokano masifar, amma ba ita ta kashe injinan ba. Abin da ya kashe su shi ne iskar da ke cikinsu ta daina tafiya gaba, ta riƙa juyowa baya da ƙarfi sau da dama a jere, har ƙarafan ciki suka gaza. Wannan cuta ta fito ne daga sashen da ke matse iska, wato kwamfiresa, kuma tun daga ranar da aka ƙera injin jet na farko injiniyoyi ke fama da ita. Fiye da shekara hamsin ke nan da suka gano wani magani mai ban mamaki saboda sauƙinsa: a tsattsaga bangon ƙarfen da ya kewaye farfelolin. Ba waya, ba kwamfuta, ba abin da ke motsi. Duk da haka ba kowane inji ake yi wa ba. Dalilin ya shafi kimiyya, amma ya fi shafar kuɗi, ya kuma shafi tambayar wane ne ke sayen sabon inji, wane ne ke gadon tsohonsa.

Tura ruwa zuwa kan tudu

Aikin injin jet huɗu ne: ya zuƙi iska, ya matse ta, ya ƙona ta da mai, ya fesar da ita ta baya. Matsewar ita ce mai wuya. Kwamfiresa jerin farfeloli ne a kan sanda ɗaya, kowace farfela tana da ƙananan fuka-fukai masu yawa a kewayenta, kuma bayan kowane layi mai juyawa akwai layi na tsaye da ke miƙar da iskar ya miƙa ta ga na gaba. Layi mai juyawa da na tsaye su ne mataki ɗaya. Injin CFM56, wanda ke jikin yawancin jiragen Boeing 737 da ke jigila a Najeriya, yana da matakai tara a babban kwamfiresarsa, sandar kuma tana juyawa fiye da sau 14,000 a minti ɗaya.

Kowane mataki ɗan ƙari yake yi, amma idan aka tara abin yana da yawa. Injin Jumo 004 da Jamus ta yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu yana ninka matsin iska kusan sau uku ne kawai da matakansa takwas. Injin GE9X na zamanin nan yana ninka shi kusan sau 60. Gwargwadon yawan matsi, gwargwadon ƙarancin man da inji zai sha, shi ya sa tseren bai taɓa tsayawa ba.

To amma iska, kamar ruwa, gangare take so. Daga inda matsi ya yi yawa take gudu zuwa inda ya yi kaɗan. Kwamfiresa kuwa akasin haka yake tilasta mata: yana tura ta daga waje mai sauƙin matsi zuwa ɗakin ƙuna inda matsin ya fi ko'ina. Tamkar mai tura ruwa zuwa kan tudu da faranti ne. Muddin hannunsa na tafiya daidai, ruwan na hawa, da ya yi sako-sako kuwa ruwan zai dawo masa a fuska. Ana iya ganin bambancin a jikin injin kansa. A bayan ɗakin ƙuna, inda iskar ke gangarowa da son ranta, farfela ɗaya tak ce ke juya duk matakai taran nan na CFM56.

Sarƙewa da tumbuɗi

Duk wanda ya taɓa fitar da tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu ya san abin da ke faruwa. Ka karkata shi kaɗan, iska ta ɗaga shi sama. Ka ƙara karkatawa, ɗagawar ta ƙaru. Ka wuce wani mizani, sai iskar ta daina bin bayan hannun, ɗagawar ta ɓace, hannun ya koma ja da baya kawai. Kowane ƙaramin fiffike a cikin kwamfiresa haka yake. Idan iskar da ke shigowa ta ragu alhali farfela na nan da gudunta, kusurwar da iska ke dukan fiffiken da ita tana ƙaruwa, har ta kai inda iskar za ta saki jikinsa.

Ba duka fuka-fukan ke sarƙewa lokaci ɗaya ba. A 1955 Howard Emmons da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard suka bayyana yadda abin ke yaɗuwa. Hanya ɗaya tsakanin fuka-fukai biyu ce ke fara toshewa. Iskar da ta zo ta tarar ba wurin wucewa sai ta karkata dama da hagu. Maƙwabcin da ke gefe ɗaya ya samu sauƙi, na ɗaya gefen kuma kusurwarsa ta ƙara muni, shi ma ya toshe, na farkon kuma ya buɗe. Da haka toshewar ke zagaya da'irar, a hankali fiye da gudun farfelar, sau da yawa kusan rabinsa. Mai bin titin da ke cunkushewa da yamma ya san irin wannan: motocin gaba sun wuce, amma cunkoson kansa yana nan yana rarrafawa baya. Injin da ya shiga wannan hali yana ci gaba da juyawa, sai dai ƙarfinsa ya faɗi, zafinsa ya hau, wani lokaci ba ya warwarewa sai an kashe shi an sake tayarwa.

Mataki na gaba shi ne tumbuɗi. Kwamfiresa ya gaza riƙe matsin da ke bayansa gaba ɗaya, iskar ɗakin ƙuna ta yi tsalle ta dawo ta gaba, wani lokaci da harshen wuta. Matsin ya sauka, kwamfiresa ya sake kama aiki, matsin ya sake taruwa, a sake maimaitawa. Ƙarar da fasinjojin SAS suka ji ke nan. Edward Greitzer, wanda daga baya ya zama farfesa a MIT, ya nuna a 1976 cewa gudun farfela da girman wurin da iska ke taruwa a bayanta su ke yanke hukuncin wanne daga cikin biyun zai faru.

Saboda haka mai ƙera inji yakan bar tazara tsakanin inda injin ke aiki kullum da layin da sarƙewa ke farawa. Mu kira ta tazarar tsira. Yawanci ana maganar kusan kashi 20 cikin 100, kuma ya fi kyau a ɗauke ta kamar kasafin kuɗi, domin masu ci daga cikinta suna da yawa. Matuƙi ya danna mai da sauri, ta ragu. Iska ta bugo daga gefe, ta ragu. Ruwan sama mai ƙarfi, ƙanƙara, tsuntsu, tsufan inji, kowa da rabonsa. Abin takaicin shi ne wurin da kwamfiresa ya fi ba da matsi yana dab da bakin ramin. Duk taku ɗaya da aka ja baya don tsira, an bar wani amfani a ƙasa.

Wanda ke ganin wannan lissafin injiniyoyi ne kawai, ya dubi tarihin jirgin yaƙin F-14 na sojan ruwan Amurka. An haɗa shi da injin TF30 da ba don shi aka tsara ba, da niyyar za a sauya daga baya, sauyin kuma ya ɗauki shekaru saboda kuɗi. Injin ya yi ƙaurin suna wajen sarƙewa idan matuƙi ya karkata jirgin da ƙarfi. A 1984 sakataren sojan ruwa John Lehman ya shaida wa majalisar dokoki cewa haɗin na cikin mafi muni da suka yi tsakanin inji da jirgi, ya kuma ɗora wa injin alhakin fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na haɗurran F-14. Shekara goma bayan wannan shaida, a Oktoban 1994, Laftanar Kara Hultgreen ta rasu yayin sauka a kan jirgin ruwan yaƙi na Abraham Lincoln, bayan injinta na hagu ya sarƙe. Jirginta TF30 yake ɗauke da shi har a lokacin.

Ratar da ba ta kai kaurin farce ba

Magungunan farko sun fito tun shekarun 1950. An sa ƙofofin da ke zubar da rarar iska daga tsakiyar kwamfiresa. Pratt & Whitney ya raba kwamfiresa gida biyu a injinsa na J57, kowane da sandarsa da gudunsa. General Electric ya sa layukan tsaye su riƙa karkata gwargwadon gudu a injin J79. Duk waɗannan suna nan har yau, kuma suna daidaita matakan gaba da na baya. Amma akwai wurin da ba sa kaiwa.

Farfela na juyawa, bangon da ya kewaye ta, wato kwanso, yana tsaye. Dole a bar rata tsakanin bakin fiffike da kwanso, in ba haka ba su gogi juna. Ratar ba ta da yawa, a manyan matakai sau da yawa ba ta kai milimita ɗaya ba. Sai dai gefe ɗaya na fiffike yana da matsi fiye da ɗayan, don haka iska na tsallakawa ta wannan rata, ta haɗu da iskar da ke tahowa, su murɗe su zama 'yar guguwa a jikin bango. Idan inji na aiki lafiya, guguwar na bin hanya ta fice ta baya. Idan iskar shigowa ta ragu, sai guguwar ta kumbura, ta miƙe ta tare hanya, ta matso gaba har ta zubo ta gaban fiffiken da ke biye. A yawancin kwamfiresocin zamani masu gudu sosai, daga nan sarƙewa ke farawa.

Girman ratar yana da tasirin da ya fi ƙarfin idonsa. A wani gwaji da aka wallafa a 1984 daga ɗakin binciken Whittle na Jami'ar Kambirij a Ingila, G. D. J. Smith da Nicholas Cumpsty sun faɗaɗa ratar daga kashi 1 zuwa kashi 6 cikin 100 na faɗin fiffike. Ƙololuwar matsin da kwamfiresan ke iya bayarwa ta faɗi da kashi 23 cikin 100, sarƙewa kuma ta riƙa zuwa da wuri.

Wannan ba labarin ɗakin gwaji ba ne kawai. A ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, injinan PW4000 da ke jikin jiragen Boeing 747 da 767 da Airbus A300 sun yi ta tumbuɗi jim kaɗan bayan tashi. An gano cewa idan aka ba inji cikakkiyar wuta bai gama ɗumama ba, kwanso da farfela ba sa buɗewa da zafi a lokaci ɗaya, sai ratar matakan baya ta faɗaɗa na ɗan lokaci, musamman a injin da ya sha aiki. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta yi ta fitar da umarni a kai, ciki har da taƙaita yawan injinan da ake shakkarsu a jikin jirgi ɗaya, kafin daga bisani a wajabta sauya fasalin kwanson baya gaba ɗaya.

Maganin da aka yi tuntuɓe da shi

A ƙarshen shekarun 1960, injiniyoyin General Electric suna wani gwaji a ƙarƙashin kwangilar hukumar NASA. Tunaninsu shi ne su hura iska ko su zuƙe ta ta jikin kwanso, daidai saman bakin fuka-fukai, ko za su kori gajiyayyar iskar da ke taruwa a wurin. Don haka suka sa kwanso mai huji-huji irin na saƙar zuma. Da suka rufe bututan hurawa da na zuƙa domin su auna abin da za su kwatanta da shi, sai suka ga tazarar tsira ta ƙaru duk da haka. Ramukan kansu ne ke aikin. A farkon shekarun 1970 cibiyar NASA ta Lewis da ke Cleveland, wadda yanzu ake kira Glenn, ta shiga gwada siffofi iri-iri, Japan da Ingila suka biyo baya.

Daga cikin siffofin, biyu ne suka yi fice. Ta farko tsagar zobe ce: kwarmi siriri da ke zagaye kwanson gaba ɗaya kamar zoben yatsa, a jera uku ko biyar ko fiye a saman fiffike. Sauƙin ƙira gare ta, duk mai injin sassaƙa ƙarfe zai iya yanka ta. Aikinta shi ne ta ba iskar da ke tsallakawa wurin shiga, ta karya mata ƙarfi, ta hana guguwar zama dunƙule ɗaya. Ƙarin da take bayarwa matsakaici ne.

Ta biyu tsagar tsaye ce: ɗaruruwan gajerun ramuka da ke bin tsawon injin, galibi a karkace zuwa inda farfela ke juyawa. Wannan ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙarshen ramin na baya yana saman wurin da matsi ya yi yawa, ƙarshensa na gaba yana saman wurin da matsi ya yi kaɗan. Don haka duk lokacin da fiffike ya wuce, ramin na tsotse gajiyayyar iskar da ta toshe hanya daga baya, ya kai ta gaba, ya fesa ta a sake matse ta. Abin sha'awar shi ne yana daidaita kansa: gwargwadon matsowar inji kusa da sarƙewa, gwargwadon ƙaruwar bambancin matsi, gwargwadon ƙarfin tsotsar.

Mai karatu da ke da ɗan'uwa bakanike zai iya ganin dangin wannan dabara da idonsa. A bakin turbo na manyan motoci da yawa akwai wata tsaga mai zagaye da ke mayar da iska baya zuwa mashiga. Kamfanin Holset na Ingila ya yaɗa ta a shekarun 1980, kuma dalilinta ɗaya ne da na jirgin sama: kada iska ta juyo idan direba ya ɗaga ƙafa ko ya ja kaya a hawa.

Tsaga ba ta warkar da kowace sarƙewa. Greitzer da abokan aikinsa sun nuna a 1979 cewa tana aiki ne idan matsalar daga bango ta taso. In jikin fiffiken ne ya gaza, ko ya lanƙwashe kamar na jirgin SAS, ko tsuntsu ya kakkarya shi, duk tsagar da aka yi a bango ba za ta mayar da shi daidai ba. Abin da take yi shi ne ta ƙara wa kasafin nan auki, yadda ƙananan masu ci ba za su cinye shi ba kafin babban ya zo.

Farashin

Iskar da aka matse, aka mayar da ita gaba, aka sake matsewa, an yi mata aiki biyu an samu ladan ɗaya. Nan gizo ke saƙa. A 1984 Fujita da Takata a Japan suka gwada siffofin tsaga masu yawa a kan kwamfiresa ɗaya, sakamakon ya hau kusan layi guda: duk siffar da ta fi ƙara tazarar tsira, ita ta fi rage inganci. Tsagar tsaye ta gargajiya kan ci maki ɗaya ko biyu cikin ɗari na ingancin matakin da aka yi wa ita.

Maki ɗaya kamar ba komai ba ne, sai an tuna cewa mai na cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na kuɗin gudanar da kamfanin jiragen sama, kuma masu ƙera injina na kashe biliyoyin daloli don su rage shan mai da 'yan makin da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ga kuma wasu matsalolin. Yawancin kwansuna ana shafa musu wani abu mai laushi a ciki domin bakin fiffike ya ci hanyarsa da kansa ba tare da ya lalace ba. Tsaga na cin wurin wannan shafi. Ramukan tsaye na iya girgiza fuka-fukai, su ƙara ƙara, su ƙara zafi a bakinsu.

Binciken shekaru talatin da suka wuce kusan duk ƙoƙarin karya wancan layi na Fujita da Takata ne. A Kambirij, Tim Houghton da Ivor Day sun ɗauki tsagar zobe ɗaya tak suna matsar da ita daga gaba zuwa baya. Suka tarar wurare biyu ne take da amfani sosai, dab da gaban fiffike da kuma tsakiyarsa, a tsakaninsu kuwa amfanin ya faɗi; ta tsakiyar ce kuma ba ta cin inganci sosai. Ma'ana, yawancin tsagogin da ake jerawa a da nauyi ne kawai. A cibiyar Glenn, Michael Hathaway ya gabatar a 2002 da tsarin da ke ɗebo iska kaɗan daga bayan farfela ta wata lanƙwasasshiyar hanya, ya fesa ta a gaba daidai inda ake bukata, maimakon a bar ta tana kai-kawo a rami. Wasu sun matsar da tsagar tsaye gaba yadda rabinta kawai ke saman fiffike, asarar ta ragu ƙwarai.

Kwamfuta ta taimaka, amma ba ta gama aikin ba. Masu bincike a duniya na gwada lissafinsu a kan wata farfela da NASA ta tsara a shekarun 1970, mai suna Rotor 37, mai fuka-fukai 36, da ke juyawa kusan sau 17,000 a minti, bakinta na gudu fiye da sauti. Hasashen daidai lokacin da sarƙewa za ta fara yana cikin mafi wuyar lissafi a wannan fage, kuma tsagar da ta yi aiki a wani inji tana iya zama banza a wani. Jami'ar fasaha ta Darmstadt a Jamus, tare da kamfanin MTU, ta daɗe tana gwaji a kai. Haka ma Jami'ar Beihang da ke Beijing, kuma dalilin Sin a fili yake: ta ƙera jirgin fasinja na C919, amma har yanzu da injin LEAP na haɗin gwiwar Amurka da Faransa yake tashi. A 2016 ta kafa katafaren kamfanin gwamnati domin injinan jirage kawai.

Akwai wani sakamako da a ganina ya fi sauran muhimmanci ga ƙasashe irin namu, kodayake ba shi ake sa wa a gaba ba. Gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa kwamfiresa mai tsaga ba ya saurin lalacewar hali idan ratarsa ta faɗaɗa. Wato yana iya yin asara kaɗan yana sabo, amma ya fi jure tsufa. Sai dai ana cinikin inji ne da alƙaluman ranar farko. Babban kamfanin da ya sayi sabon jirgi zai more ingancin shekarun farko, ya sayar ko ya mayar wa masu haya. Wanda zai karɓa bayan shekara goma sha biyar, a Legas ko Kano ko Yamai, ba ya wurin lokacin da aka yanke shawarar yadda za a raba tsakanin mai da tazara. Dokar FAA, a sashe na 33.65, ta wajabta wa mai ƙira ya tabbatar injinsa ba zai sarƙe har ya kai ga mutuwa ko lalacewa ba a duk iyakar aikin da aka amince masa. Amma ainihin yawan tazarar da aka bari, da wane mataki aka tsaga da wanda ba a tsaga ba, sirrin kasuwanci ne da kamfanoni ba sa bazawa.

Matsalar kuma ƙaruwa za ta yi. Injinan zamani na ƙara girman farfelar gaba suna rage girman cikin. Fuka-fukan matakan ƙarshe na ƙara gajarta, ratar kuwa ba ta raguwa tare da su, domin zafi da girgiza sun sa mata iyaka. Ratar da ta kasance kashi ɗaya cikin ɗari na babban fiffike za ta zama kashi uku na ƙarami. Shi ya sa dabarar da aka yi tuntuɓe da ita a shekarun 1960 ta sake dawowa teburin masu zane.

Ƙura, tsuntsaye da dala

Najeriya ba ta ƙera injin jet, ba ta kuma da bakin magana a kan siffar kwansonsa. Abin da ke hannunta shi ne ɓangaren kashe kasafin, kuma yanayinmu mai ci ne. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana shiga injin duk jirgin da ya tashi ko ya sauka a arewa. Mai laushin tana manne wa fuka-fukai ta ɓata musu siffa. Wannan ana wanke ta da ruwa, inji ya farfaɗo. Mai kaushin kuwa gogar ƙarfen take kamar sanfefa, ta cinye gaban fiffike da bakinsa, ta faɗaɗa ratar. Wannan ba ya wankuwa. Sai an sauke injin an kai shi masana'antar gyara, wadda galibi a ƙasashen waje take, a biya miliyoyin daloli. A lokacin da dala ke wuya, jarabar jinkirta wannan tafiya ba ƙarama ba ce. Tashoshin lantarki masu aiki da gas irin su Geregu da Omotosho da Afam ma kwamfiresa irin wannan ne a cikin injinansu, kuma iskar ƙasar nan suke shaƙa.

Mutanen Kano ba sa bukatar a tuna musu abin da inji ke yi idan ya haɗiyi abin da ba iska ba. Ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 ya zarce ƙarshen titin tashi a filin Malam Aminu Kano kafin ya ɗaga. Masu bincike sun gano injinansa sun zuƙi ƙura mai yawa a wannan zarcewa, ƙarfinsu ya ragu. Ya faɗa unguwar Gwammaja, fiye da mutum 100 suka rasu, ciki har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Martanin gwamnati shi ne dakatar da irin wannan jirgi da sa iyakar shekara 22 ga jiragen da za a shigo da su. Sai dai shekarun gangar jirgi ba su ne shekarun injinsa ba. Ana cire inji daga wannan jirgi a ɗaura wa wancan, kuma tsohon jirgi mai injin da ya fito daga gyara ya fi sabo-sabo mai injin da ya gaji tazarar tsira.

Wannan ya kamata ya sauya yadda muke karanta labarin da ke yawo a Facebook duk lokacin da jirgi ya juyo bayan tashi, ana cewa injinsa ya kama da wuta. Sau da yawa abin da fasinja ya gani ta taga tumbuɗi ne: ƙara, girgiza, harshen wuta na ɗan lokaci. An tsara jirgi mai inji biyu yadda zai ci gaba da hawa da ɗaya, matuƙin da ya rage mai ya juyo kuwa aikinsa ya yi. Sanarwar kamfani takan ce tsuntsu ne, kuma sau da yawa gaskiya ne. Korar tsuntsaye daga filayen jiragen gwamnatin tarayya alhakin hukumar FAAN ne, ita ma da tambayoyin da za ta amsa. Amma ko da tsuntsu ne, akwai sauran abin tambaya. Sau nawa injin ya tashi ya sauka tun gyaransa na ƙarshe? Yaushe aka zura masa kyamarar duba ciki, me aka gani a bakin fuka-fukansa? Nawa ya rage tsakanin zafin da yake fitarwa yayin tashi da iyakar da mai ƙira ya sa, tunda wannan tazara ce ke fara nuna gajiyar inji? Ya taɓa yin tumbuɗi a makonnin baya? Amsoshin suna rubuce a kundin kowane inji. Hukumar NCAA na da ikon duba kundin a duk lokacin da ta so, hukumar binciken haɗurra ta NSIB kuma tana wallafa rahotanninta a shafinta na intanet, inda kowa zai iya saukewa ya karanta.